Shaidar Kawu Zakari

Shekara ashirin da uku Zakari ya yi yana gadi a gidan marigayi Alhaji Bappa da ke Nassarawa GRA, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa aiko masa da farfesu daga cikin gida ba. Ba wai ana barinsa da yunwa ba ne, Hajiya Khadijatu ba ta da rowar tuwo. Amma farfesun kaza a kwano mai murfi, a kan faranti, da cokali a gefe, wannan sai da kan Habibu ya fashe sannan ya fara ratsa tsakar gida zuwa ɗakunan baya.

Habibu ɗan ƙanwarsa Mairo ne. Zakari da kansa ya je ƙauyensu can bayan Jahun ya taho da shi, ya durƙusa gaban Hajiya ya roƙa masa aikin direba. Shekara huɗu yaron yana jan mota lafiya ƙalau, har ya kama ɗaki a Kaura Goje ya ajiye matarsa Jummai da 'ya'ya biyu. Ranar da abin zai faru Hajiya ce ta aike shi Hotoro. Yana tsaye a bakin titi yana rufe bayan mota, tifar wani kamfanin gine-gine ta ƙwace wa direbanta ta yi sama da shi. Kwana goma sha tara bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi, magana ta gudu, gefen kansa kuma ya lotsa a inda likitoci suka yi aiki.

Sa'ar Habibu ɗaya, 'yar autar Hajiya lauya ce. Nabiha ta sa kamfanin nan a gaba da takardu, yau ofis gobe kotu, har masu inshorarsu suka yarda za su ɗauki nauyin gashin ƙashi da koyon magana na wata shida. In wata shidan sun cika, za su turo likitansu ya duba shi. Idan ya ga har yanzu da saura, za a ci gaba da yi masa magani shekara biyu, a kuma biya diyya cikakkiya. Idan ya ga ya warke, shi ke nan, an rufe magana. Hajiya ta ba shi ɗaki a baya saboda kusa da asibiti, aka sa masa fanka da katifa sabuwa, mota tana kai shi duk Litinin da Alhamis.

Kada wani ya ce Zakari mugu ne. Habibu ƙato ne, Jummai ba ta iya ɗaga shi, saboda haka jinya ta koma hannun kawunsa. Shi ke yi masa wanka, shi ke kai shi bayi, shi ke wanke robar da ake shimfiɗa masa a katifa. Shi ke ƙwace sabulu in Habibu ya nufi baki da shi. In an tayar da janareto yaron ya firgita ya hau duka, Zakari ne ke rungume shi har ya lafa, ga shatin yatsu nan a damtsensa bai taɓa nuna wa kowa ba. Yana yin duk wannan da gaske, ba don a gani ba. Sai dai hassada ba ta hana mutum aikin alheri, tare suke zama a ciki ɗaya ba mai korar wani.

Abin da ke cin Zakari tsoho ne. Shekara goma sha biyar da suka wuce, Alhaji ya sa shi ya hau mangwaron tsakar gida ya sare reshen da ke taɓa wayar lantarki. Reshen da ya taka ya karye, ya faɗo a kan ƙugunsa. Aka sa shi a bayan a-kori-kura zuwa wajen wani mai ɗori, aka ɗora ƙashin a karkace, ya yi wata biyu a kwance. Da ya tashi Alhaji ya ba shi shadda yadi biyar da "Allah ya kiyaye gaba", shi kuma ya yi godiya har ƙasa. Tun daga ranar yake ɗingishi. Babu wanda ya ambaci diyya, shi kansa a lokacin ya ɗauka sai an kashe mutum ake biyanta. Yanzu ga shi da ƙafa ɗaya da rabi yana buɗe wa ɗan ƙanwarsa ƙofa, yaron yana kishingiɗe a gidan baya na mota kamar mai gidan, ana tafiya da shi a gasa masa ƙashi. Kowa ya iya rubuta "hassada ga mai rabo taki ce" a bayan mota, amma ba mai tsayawa ya tambayi mai hassadar me aka yi masa.

Ana saura kwana biyu likitan inshora ya zo, Nabiha ta same shi a bakin ɗakin gadi. Shi ya goya ta tana ƙarama, har yanzu ba ta wuce shi sai ta gaishe shi.

"Baba Zakari, jibi Juma'a da la'asar likitan nan zai zo. Kai za a fi tambaya, don kai ke tare da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Haka ne, Barista."

"Don Allah kar a gyara shi. Yadda yake kullum, haka nake so a gan shi. Fitsarin kwance, mantuwa, dukan da yake yi, duk ka faɗa. Malamar da ke koya masa magana ta ce shekarar farkon nan ita ce komai, abin da ƙwaƙwalwa ba ta kama yanzu ba da wuya ta kama daga baya. In aka yanke masa zuwa asibiti, mun cuce shi."

"Allah ya kiyaye."

"In kuma abin ya yi kyau," ta ce tana murmushi, "har ɗan gida nake fatan a saya musu a Giginyu, mai banɗaki a ciki, Jummai ta huta da haya."

Zakari ya ce madalla. Ta shiga mota, ya buɗe mata ƙofa, ya rufe, ya dawo ya zauna a bencinsa. Ya dubi ɗakin gadin da yake kwana a ciki shekara ashirin da uku, wanda in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Gida a Giginyu. Yaron da ya zo Kano da silifas ɗaya da jakar leda, wanda shi ya koya masa yadda ake gaida manya a birni. Wani abu ya tokare masa ƙirji, ya sha ruwa bai wuce ba. Ya yi istigfari, ya sake yi, abin yana nan.

Akwai wani abin mamaki a ciwon Habibu. Ba ya iya cewa ruwa. In ƙishi ya kama shi sai ya yi ta nuni yana "wannan, wannan" har hawaye su zubo. Amma gaisuwa tana nan daram. Ka ce masa ina kwana, sai ya zubo maka lafiya lau, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, to madalla, ba gargada ko ɗaya. Malamar ta taɓa yi musu bayani cewa irin maganar da baki ya saba da ita tun yarinta ba wuri ɗaya take zaune da sauran magana ba, don haka kar a ruɗu da ita. Zakari yana wurin da ta faɗa, kuma ya riƙe.

Ranar Juma'a da safe likitan ya bugo waya ya ce aiki ya yi masa yawa, ƙarfe goma sha ɗaya zai zo maimakon la'asar. Nabiha tana kotu wayarta a kashe, Hajiya ta tafi ta'aziyya. Mai aikin cikin gida ce ta leƙo ta gaya wa Zakari.

Bai zauna ya ƙulla komai ba, hannunsa ne kawai ya fara aiki. Ya kira wanzami daga bakin titi aka yi wa Habibu gyaran fuska. Ya yi masa wanka da ruwan ɗumi, ya buɗe nasa akwatin ya fito da farar shaddarsa ta zuwa masallacin Juma'a ya sa masa, ya fesa masa turare. Ya ɗauko hularsa ya danna masa ita har ta rufe inda kan ya lotsa. Robar katifa da fo da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, duk ya kwashe ya kai bayan ɗakin janareto. Yana yi yana gaya wa kansa cewa baƙo ne zai zo, kuma a garinsu ba a tarbar baƙo da zarni, ba a kuma shanya lalurar namiji a gaban wanda bai san asalinsa ba. Duk gaskiya ne. Amma ba shi ya sa shi ba, kuma ya sani.

Ya zaunar da Habibu a kujera a inuwa, ya tsuguna a gabansa.

"Yau wace rana? Ce Juma'a."

"Ju... Juma'a."

"Yawwa. Sake faɗa."

Suna cikin haka Jummai ta iso daga Kaura Goje da kwanon abinci. Ta ga mijinta fes kamar ango, ta tsaya turus, sannan ta durƙusa ta gaida Kawu ta shige ɗaki. Ba ta zama wuri ɗaya da kawun mijinta, bare ta tambaye shi dalili. Ta zauna a bayan labule.

Likitan, Dakta Hamisu, matashi ne, da wayoyi biyu da jakar takardu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tun daga ƙofa ya ce mutum huɗu ke jiransa kafin a tayar da sallah. Zakari ya yi masa jagora, yana gaba yana jan ƙafa.

"Baba, kai ma ƙafar fa? Me ya same ta?"

"Tsohon abu ne, ranka ya daɗe. Daga bishiya na faɗo, a bakin aiki."

"An duba maka?"

"Allah ya duba."

Likita ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce, bai sake waiwayar maganar ba. Da ma bai tambaya ba. In akwai ɗan guntun niyyar faɗin gaskiya da ya rage wa Zakari, a nan ya zube.

Likita ya yi sallama, Habibu ya amsa cikakkiya, ya ɗora da gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya ce an zo lafiya, ya ce to madalla. Likita ya ɗaga gira ya duba takardar hannunsa, kamar mai shakkar ko gidan ya ɓata.

"Malam Habibu, yaya jiki?"

"Da sauƙi. Alhamdulillahi."

"Yau wace rana?"

"Juma'a."

Likita ya sa shi ya miƙe ya taka. Zakari ya yi wuf ya kama masa gwiwar hannu kamar mai girmamawa, ya ɗauke rabin nauyinsa a kafaɗa, suka yi taku huɗu suka dawo. Likita ya nuna masa biro da agogo da makulli, ya ce ya riƙe sunayensu, ya juya ga waya. Da ya dawo ya tambaye shi, Habibu ya dube shi ya dubi Kawu, leɓensa yana rawa.

"Alhamdulillahi," ya ce.

Zakari ya yi dariya. "Kunya ce, likita. Ɗan ƙauye ne, ko da lafiyarsa haka yake a gaban manya, sai ka ce an ɗinke masa baki. Kana fita za ka ji shi yana zuba."

"Wa ke yi masa wanka?"

"Shi da kansa."

"Bayan gida fa? Yana riƙewa?"

"Haba ranka ya daɗe, magidanci ne fa."

"Yana fushi ko duka? Masu irin wannan ciwo sukan yi."

"Habibu? Ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba." Ya ja hannun rigarsa ya sake rufe damtsensa.

Likita ya ɗaga murya wajen labule. "Malama, ke yaya kike ganin jikin nasa?"

Zakari ya juya ya dubi labulen.

"Da sauƙi," in ji Jummai.

Me za ta ce? Ta ƙaryata surukinta a gaban baƙo? Likita ya yi rubutu, ya rufe jaka, ya ce gaskiya an yi ƙoƙari da jinya. Duka-duka bai yi minti ashirin ba. Motarsa ba ta gama fita layin ba Habibu ya jiƙa farar shaddar, ya zauna yana kallon fitsarin yana gangarowa ƙasan kujera yana kuka. Zakari ya ɗauke shi ya kai shi banɗaki ya wanke shi tas, ya wanke shaddar ya shanya. Ranar nan da tsohuwar riga ya je masallaci.

Kwana biyu ya ji wani sanyi a ransa, ba za a ɓoye ba. Daga nan sai abinci ya daina yi masa daɗi. Magana zarar bunu ce, ya zara kuma ba ta komawa.

Bayan sati uku takarda ta zo. Nabiha ta fito da ita a hannu, idonta ja, ta same shi yana shara.

"Baba Zakari, sun ce ya warke. Sun yanke gashin ƙashi, sun yanke koyon magana, daga Litinin ba sauran zuwa. Sun rubuta cewa mai jinyarsa na kusa ya shaida yana wanka da kansa, yana hira. Me ka gaya wa mutumin nan?"

Zakari ya sunkuyar da kai yana juya tsintsiya. "Barista, ɗan ƙanwata ne. Bakina ya kasa tona masa asiri a gaban baƙo. Haka aka raine mu."

Ya jira ta zage shi, har yana so. Sai ta yi ajiyar zuciya ta share ido.

"Laifina ne. Na san halinku da kara, bai kamata in bar ka kai kaɗai ba. Kar ka sa wa ranka damuwa, Baba, ka yi abin da ka ga shi ne mutunci. Zan ɗaukaka ƙara in nemi a sake turo wani likitan, amma abin zai kai shekara. Hajiya kuwa ka san gidan ne babba, ƙarfin ya tafi da Alhaji."

Ta koma ciki. Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Labari ya isa ƙauye cewa likita ya ce Habibu ya warke, sai Mairo ta aiko a kawo mata ɗanta, tunda zaman birnin ba shi da sauran amfani, a gwada na gida. Ranar Lahadi da hantsi aka kawo motar haya. Aka ɗaure katifa a sama, aka cusa kwanuka da buhun kaya, 'ya'yan suka shige gaba. Hajiya ta fito ta yi addu'a ta ba da abin da ta ba da, ta koma. Habibu yana zaune a kujera a bakin ɗaki. Direban motar ya zo zai ɗaga shi, Habibu ya ture shi yana gurnani, ya ƙanƙame hannun kujera.

Jummai ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da Zakari, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Kawu, za mu tafi. Mun gode da ɗawainiya. Abin da ka yi masa ko uba sai haka. Allah ya saka."

Zakari ya buɗe baki zai ce amin, amin ɗin ta ƙi fitowa. Ya dubi yaron, ya ga ya rame, ya ga hannun daman da ya fara buɗewa a watan jiya ya soma komawa ya dunƙule. Tausayi da kunya suka rufe shi, ya zauna a dakali.

"Jummai, kar ki gode min. Ranar nan ba kara na yi ba. Na san abin da Barista ta ce in faɗa, na san abin da zai biyo baya. Baƙin ciki ne. Gidan Giginyun nan ne ya tsaya min a wuya, da motar, da komai. Ni na faɗo a gidan nan ba wanda ya dube ni. Da gangan na yi."

Bai taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Ya jira kuka, ko Allah ya isa.

Jummai ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wani ɗan tsinke a ƙasa tana karyawa.

"Na sani, Kawu."

"Kin sani?"

"Tun da na shigo na gan shi da hularka. Ina bayan labule ina jin ka."

"To me ya hana ki gaya wa Barista?"

"In na faɗa ta kore ka, wa zai ɗaga min shi? Wa zai kai shi bayi?" Muryarta ba ta canja ba. "Ba ya yarda da hannun kowa sai naka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Direba ya danna ham, ya ce rana tana yi. Jummai ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Kawu, a taimaka a sa shi a mota."

Zakari ya tashi ya ja ƙafa zuwa kujerar. Habibu yana ganinsa ya saki hannun kujera, fuskarsa ta washe, ya miƙa masa hannun hagu ya saƙalo wuyansa. Zakari ya sa kafaɗa ya cicciɓe shi. Ya ji bai kai nauyin da ba.